Inno Za Ta Zama Jagora a Gidan Zane

Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗiyata Inno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin yi wanka, kin zauna gaban kwanon Goggonki Luba. Allah ya tsare motar da ta ɗauke ki, ya tsare direba da duk wanda ke ciki, ya kau da idon mugu daga kanku tun daga tashar Ƙaura har ƙofar gidan goggonki a Abuja. Na ba Ummanki takardar ta cusa miki a ƙasan jaka, na ce kada ta faɗa miki sai kin isa. Na san halinki. Da kin gan ta a mota za ki karanta da ƙarfi, fasinja duka su ji asirina.

Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya saba da buroshi da faɗin bayan babbar mota, biro ya yi masa ƙanƙanta.

Tun ranar da malamarku ta zane ta zo har gida ta ce an zaɓe ki cikin matasan da za a koya wa zagayawa da baƙi a babban gidan nan da ake ajiye zane-zane da kayan sassaƙa, ban bar kowa ya huta ba. Na faɗa wa direbobi, na faɗa wa masu lodi, na faɗa wa mai faci. Mai shayin bakin tasha yanzu da ya hango ni sai ya riga ni: "Mun ji, Malam Sani, Inno za ta Abuja." Kin san da fari ban amince ba, saboda tsoron hanya. Ummanki ce ta ce mini, "Yarinyar da ke tsayar da baƙo a tsakar gida tana yi masa bayanin hoton kalanda, yau an ce ta zo a koya mata abin da aka halicce ta da shi, kai kuma ka zauna kana kallon ƙasa?" Na ɗago kai, na ce Allah ya sa albarka.

Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ban iya yi miki faɗa da kyau. To ba faɗa zan yi ba. Labari zan ba ki, domin aikin nan da za ki koya, ni ma na taɓa yin sa sau ɗaya, ba tare da kowa ya koya mini ba, kuma babu kuskuren da ban tafka ba. Kin sha jin guntayen labarin a bakin Ummanki tana dariya. Yau ki ji shi daga wurin mai shi.

Kafin a haife ki, ina sabon ango, muna da maƙwabci ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin Filato. Wata damina ƙanensa ya zo masa hutu, sunansa Bitrus, malamin zane ne a wata kwaleji can wajensu. Gajeren mutum, mai magana a hankali, kullum da kyamara rataye a wuya. Ya ce yana so ya ga aikin hannun mutanen ƙasar nan, ba wanda ke cikin littafi ba. Wansa ya ce, "Ga Sani mai fenti nan, babu lungun da bai sani ba." Ya ba mu aron babur ɗinsa. A lokacin hanya lafiya lau take, mutum ya je Shinkafi ya dawo ba abin da zai tsorata shi sai ramin titi.

Na fara kai shi inda na fi so, wato wurin aikina a tasha. A lokacin na gama zana wani zaki a bayan motar hatsi, zakin da nake ganin duk Arewa babu irinsa. Na tsaya gabansa na buɗe baki. Na yi bayanin yadda na haɗa ruwan ɗorawa da ja, da inda nake sayen fenti, da wanda ya koya mini aiki, da yadda na fi shi yanzu. Ina magana ina wurga hannu, gumi yana zuba. Bitrus yana tsaye, ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Can sai ya ce, "Malam Sani, rigar nan taka tana da kyau ƙwarai."

Na ji daɗi, na ce, "Na gode, ɗinkin Gusau ne."

Ya ce, "Tun da muka zo ita nake kallo. Ko za ka ɗan matsa in ga zakin?"

Masu lodi suka fashe da dariya, har wani ya saki buhu. Na matsa gefe. Bitrus ya tsaya yana kallon zakin. Sai ga wata dattijuwar Bafulatana mai fura ta zo wucewa, ta tsaya ita ma don ta ga abin da ya tara mutane. Bitrus ya juya ya ce mata, "Inna, ke me kika gani?"

Ta karkata kai, ta ƙura wa zakin ido, ta ce, "Wanga zaki ciwon haƙori shikai."

Na ce, "Haba Inna! Ruri yake yi!"

Ta ce, "To, ni dai haka maigidana ka buɗe baki in haƙori ya taso mai. Duba kuncinai."

Na duba. Wallahi akwai wani ƙullutu a jikin katakon daidai kumatun zakin, na shafa fenti a kai ban lura ba, sai ga kunci ɗaya ya kumbura. Ni da na yi ta fama da zanen ban gani ba, ita daga tsayawa ta gani. Na so in yi fushi, amma dariya ta ci ƙarfina. Daga ranar aka sa wa motar suna Mai Ciwon Haƙori, kuma mai ita ya hana ni gyarawa, wai yanzu daga Ƙaura har kudu babu wanda bai san motarsa ba.

To Inno, ga na farko. In kin kai mutane gaban zane, ki tsaya gefe. Ba ke suka zo kallo ba, duk kyan mayafinki. Ki bar idonsu ya fara cin abincinsa kafin bakinki ya shiga. Na san wannan zai yi miki wuya, don ke da ni irinmu ɗaya, shiru yana yi mana ƙaiƙayi. Ki daure. In sun kalla, ki tambaye su abin da suka gani kafin ki faɗa musu abin da aka koya miki. Wani zai faɗi abin da zai ba ki dariya, wani zai ce jikansa ma zai iya zana wannan, wani zai ga abin da ke kanki ba ki gani ba. Kada ki yi fushi a madadin zane. Wanda ya faɗi ra'ayinsa, ko da baibai ne, ya kalla ke nan, kuma abin da ake nema ke nan.

Ranar kasuwar Shinkafi na goya shi muka tafi. Na yi niyyar wanke kaina daga kunyar tasha, don haka duk abin da ya tambaya sai in amsa tun bai rufe baki ba. Muka ratsa masu tabarmi, muka ratsa dukawa, har muka kai rumfar wani tsoho mai zanen ƙwarya. Yana zaune gaban garwashi, yana ɗora wuƙa ta yi zafi, sannan ya bi jikin ƙwarya da ita, hayaƙi yana tashi. Bitrus ya ɗauki wata ƙwarya yana juyawa. Duk layukan jikinta a miƙe suke, sai guda ɗaya da ya karkace kamar maciji, an yi masa ɗige-ɗige a gefe. Ya ce mini, "Wannan fa, me yake nufi?"

Inno, ban sani ba. Ko kusa ban sani ba. Amma ina jin idan na ce haka, na kasa a matsayin ɗan gari. Sai na gyara murya na ce, "Wannan tsohuwar alama ce ta mayaƙan ƙasar nan. Karkataccen layin shi ne gulbin da suke ƙetarewa in sun dawo daga yaƙi, ɗige-ɗigen kuma sawun dawakinsu ne." Ni kaina da na ji yadda maganar ta fito sai da ta burge ni.

Idon Bitrus ya yi haske. Ya ce, "Wannan dole in koya wa ɗalibaina." Kafin in san yadda zan ja shi mu bar wurin, ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, sannu da aiki. Ashe tarihin mayaƙa kake adanawa a jikin ƙwarya."

Tsoho ya ɗago. "Waɗanne mayaƙa?"

Bitrus ya nuna masa layin, ya maimaita duk abin da na faɗa, har da sawun dawaki. Tsoho ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye wuƙa, ya yi dariya har hularsa ta zame. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗana, jikata ta. Tana korar akuya tab bangaje ni, wuƙa taz zame. Ƙwarya ko ba a yasuwa, sai nib bi karkatar nim mai da ta ado. Mata sunka gani sunka so, yanzu kowa irinta shika nema. Kullum sai na karkata hannu da gangan."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata. Bitrus bai tozarta ni ba. Ya sayi ƙwaryar, muka ci rogo da ƙuli a bakin kasuwa, sai da muka hau babur ya ce a bayana, "Malam Sani, labarin tsohon nan ya fi naka daɗi. Ga shi kuma ya faru."

Ki riƙe wannan da kyau, don a gidan da za ki, mutane za su yarda da duk abin da kika faɗa. Za su ga an rataya miki alama a wuya, su ɗauka ba kya kuskure. Yaro ɗan makaranta zai kai maganarki gida, malami zai kai ta aji. Abin da aka koya miki, ki koye shi sosai: sunan wanda ya yi aikin, garinsu, da me ya yi shi, me ke damunsa lokacin da ya yi. Abin da ba a koya miki ba, ki buɗe baki ki ce, "Ban sani ba, amma zan tambaya." Sannan ki je ki tambaya ɗin da gaske. Ba wanda zai raina yarinya mai shekarunki don ta ce ba ta sani ba. Kuma kada ki ƙara gishiri don labari ya yi armashi. Na gwada, kin ga inda ya kai ni.

Tafiyarmu ta ƙarshe Zurmi ce, kuma ita ce ta fi zama a raina. Wani direba ya ba ni labarin wani tsohon gida a can, mai ɗakin da aka yi wa ado a bango tun zamanin da. Muka nemi gidan, muka yi sallama, ɗan mai ɗakin ya shiga ya nemo mana izini. Mai ɗakin wata tsohuwa ce, Iya Dije, ƙanƙanuwa, bakinta ba haƙori sosai amma muryarta tana kaiwa ƙofar gida. Ta ce mu shigo, ai ita ta wuce kulle.

Da idona ya saba da duhun ɗakin sai na ga bangon. An yi masa ado da laka tun tana ɗanya, an fito da zane ya yi tudu, an shafa farar ƙasa da ja. Akwai kewaye-kewaye, akwai ganye, a tsakiya kuma ga wata tsuntsuwa mai ƙiba. Amma launin ya koɗe, wasu wurare sun ɓamɓare, hayaƙin fitila ya yi baƙi a sama. Sai kunya ta kama ni. Na ce a raina, na ɗauko baƙo daga nesa na kawo shi ya ga tsohon bango mai tabo. A lokacin ba na rabuwa da jakar aikina. Na ce, "Iya, bari in ɗan raya miki shi, kyauta." Ban jira amsa ba, na buɗe gwangwanin shuɗi, na tsoma buroshi, na ɗaga hannu.

Ban san tsohuwa tana da sauri haka ba. Sai jin mafici na yi a bayan hannuna, fau! Buroshi ya faɗi ƙasa.

Ta ce, "Kai ɗan nan, lahiyarka? Wa yac ce maka ya mutu balle ka raya shi?"

Ta kama hannuna ta ja ni har gaban bangon, ta ce in duƙa. Ta nuna mini gefen fukafukin tsuntsuwar. A cikin lakar akwai sawun yatsa, a jere, kowanne da wata 'yar karkata a kai. Ta ce, "Ka gani? Yatsanai na. Maigidana magini na, tun yana yaro tubali yak karya mai babban yatsa. Shi yay yi wanga da za a kawo ni. Ya daɗe da rasuwa, amma ga hannunai nan. In ka shahe shi da wanga abu mai wari, wa zan gaisar da sahe?"

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni da dariya. Ta ce in dubi tsuntsuwar, ko na san dalilin ƙibarta? Wai lokacin da yake nemanta siririya ce kamar kara, sai ya ce mata in ta shigo gidansa haka za ta koma. Ta buɗe hannuwanta biyu, ta dubi jikinta, ta ce, "Ga ni har yau ina jira." Muka yi dariya har ɗanta ya leƙo.

Bitrus kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya zauna a kan tabarma gaban bangon, kyamara a cinya, ko ɗaga ta bai yi ba. Ba tsuntsuwar yake kallo ba, wani jerin ado ne a can ƙasa kusa da daɓe. Ni kuma na leƙa waje na ga hadari ya haɗo daga gabas, ga babur na aro, ga hanyar laka. Na ce, "Malam Bitrus, hadari." Bai motsa ba. Na fita na dawo na sake faɗa. Na yi gyaran murya, na kaɗa makullin babur. Iya Dije ta jawo gefen rigata ta ce a hankali, "Bar shi. Ba nan shike ba."

Ruwa ya sauko, ya rufe mu a gidan. Muna zaune a zaure, an kawo mana fura mai sanyi, sai Bitrus ya yi magana. Ya ce adon nan na ƙasa, irinsa sak mahaifiyarsa take yi a jikin rumbunta a ƙauyensu cikin duwatsu. Ta rasu yana makaranta, rumbun ya rushe, ya yi ta neman adon a garuruwansu bai ƙara gani ba. Ya ce bai taɓa zaton a ɗakin wata Bazamfara zai same shi ba. Iya Dije ta ce, "To ka samu uwa a Zurmi." Ta sa aka ɗaure masa ƙullin daddawa. Da ruwa ya tsagaita muka kamo hanya, muka faɗi a laka, muka tashi, muka shigo Ƙaura kamar an tono mu, muna dariya kamar yara. Ummanki ta ce ba za mu taka mata tsakar gida ba sai an watsa mana ruwa a waje.

Abu biyu ke cikin wannan. Na ɗaya, hannunki. Za su faɗa miki kada a taɓa komai, ke kuma za ki faɗa wa baƙi. Kada ki faɗe shi kamar doka kawai. Ki sani kowane abu a gidan nan akwai wanda ya zauna ya yi shi, yana da yunwarsa da abin dariyarsa da wadda yake so. Tsagewa da koɗewa ba lalacewa ba ne koyaushe, wani lokaci nan ne mutumin ya rage. In yaro ya miƙa hannu, ki hana shi da fara'a, ki faɗa masa dalili. Ke ba ki da izinin mafici.

Na biyu, in kika ga wani ya tsaya gaban abu ya yi shiru, ki ƙyale shi. Na san za a ba ku lokaci, a ce ku gama zagaye kafin wasu su shigo. Ki ja sauran ku yi gaba, ki ce masa a hankali ya same ku in ya gama. Ba ki san inda zanen ya kai shi ba. Wataƙila duk cikin ayarin nan shi kaɗai ne ya samu abin da ya fito nema.

Yanzu ban san ko ɗakin Iya Dije yana tsaye ba. Ta daɗe da rasuwa, na ji jikokinta sun bar gidan tun da abubuwa suka rikice a wajen, ni kuma ba na bin hanyar nan sai dole. Wani lokaci ina cikin aiki sai in tuna da yatsan maginin nan, in ce ko damina ta cinye shi. Shi ya sa ba na ɗaukar aikinki wasa. Gidan da aka gina don kada irin waɗannan abubuwa su ɓace, kuma aka ce ɗiyata ce za ta tsaya ta nuna wa mutane su, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Na kira Bitrus na faɗa masa. Ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, amma ihun da ya yi sai da na janye wayar daga kunnena. Ya ce in gaishe ki, in ce miki kada ki gaji halin babanki na tsayuwa gaban zane.

Saura maganar harshe. Na ji ki kina gwada Hausar rediyo a bayan ɗaki, kina cire "mi" kina sa "me". Ni ma na yi. Farkon zuwana Kaduna sayen fenti, na ƙudura ba wanda zai gane daga ina nake. Na shiga shago ina lanƙwasa harshe, ina jan magana, har na rasa me nake cewa. Mai shagon ya saurare ni ya gama, ya ce, "Kai, ba ɗan Ƙaura ne ba? Yi maganarka ta gida, ka bar wahal da kanka. Ni ma ɗan garin Banga na, nan kusa da ku." Ya sa aka kawo mini abinci, har yau wurinsa nake sayayya. Turanci kam ki koye shi da kyau, ki yi ta yi ko ana dariya, don baƙinki daga ko'ina za su zo. Amma Hausarki ba ta da ciwon da za a yi mata magani.

Za a tambaye ki daga ina kike. In kin ce Zamfara, za ki ga fuska ta canza, a ce "ayya", wani ma ya tambaye ki ko kin taɓa ganin 'yan bindiga. Kada ki musa abin da ke faruwa, mun sha wuya kuma muna sha. Amma kada ki bari maganar ta tsaya nan. Ki faɗa musu akwai gero da dawa, akwai masu zanen ƙwarya da masu saƙa, akwai mutanen da ke tashi da safe su yi abu mai kyau da hannunsu. Ke kanki amsa ce, in kin tsaya da kyau.

Kawunki ya ce mini wai gidan gumaka zan tura ki. Na ce masa kallo da bayani za ta yi, ba sujada ba. Za ki ga abubuwan da ba irin namu ba, na mutanen da addininsu da al'adarsu daban. Ki yi bayaninsu da mutunci, yadda za ki so a yi bayanin allon karatunki in an rataye shi a wani gari. Abokan koyonki ma haka, ki zauna da kowa lafiya, ki ci abinci da su, ki tambaye su garuruwansu. Sallarki kuwa taki ce, ki nemi inda ake yi tun ranar farko. Ki karya kumallo kafin ki fita, mai tsayuwa da magana ba ya wasa da ciki. Takalmin nan mai tsini da kika ɓoye a jaka, na gani. Ki bar shi don ranar biki, ki sa mai taushi. Ki taya goggonki aiki ko kin gaji. Ki kira Ummanki kullum, don tana cewa ba komai, amma tun jiya take wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ita. Inno, ina fenti tun ban fara aske gemu ba, amma ban taɓa shiga gidan da aka rataye zane don a kalla kawai ba. Ko sau ɗaya. Malamarku ta ce in kun gama koyo, akwai ranar da kowannenku zai ja ayarin baƙi shi kaɗai. In Allah ya kai mu, ni da Ummanki muna cikin ayarinki. Na riga na kai wa tela shadda. Za mu shiga layi kamar kowa, mu tsaya a baya. Kada ki ce wa mutane "ga babana", kada ki sassauta mini, in na yi tambayar wauta ki amsa mini yadda za ki amsa wa baƙo. Tun kina tatata kike bin bayana, zuwa masallaci, zuwa kasuwa, zuwa makaranta ranar da aka sa ki. Ranar nan ina so in ji kin ɗaga murya kin ce, "Jama'a, ku biyo ni," in ɗauki ƙafa in bi.

Allah ya buɗe miki ƙirji, ya daidaita miki harshe, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokai na kirki. Allah ya tsare ki a fita da shiga, a mota da a ƙafa, ya tsare mutuncinki da lafiyarki. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe mana hanyoyinmu. Ki gaida Goggonki Luba da maigidanta da yara. Ummanki da ƙannenki suna gaishe ki, mai shayi ma ya ce in sa sunansa.

Allah ya yi miki albarka, ya maido mana ke lafiya.

Babanki,
Sani Mai Fenti